Hirar Miji da Mata Ma Abin Yi Wa Digiri Ce? Fashin Baƙi Kan Nazarin Sadarwar Iyali

Shin yadda miji da mata suke magana da juna, ko yadda uba yake isar da saƙo ga 'yarsa, abu ne da mutum zai shafe shekaru yana nazari a jami'a har a kira shi dakta, ya kuma ci abinci da shi? Na ji wannan tambaya ne a falon yayata da ke Anguwan Rogo a nan Jos, daga bakin mijinta. 'Yarsu ta gama digirin farko a fannin aikin jarida, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo ta ce za ta koma digiri na biyu, kuma abin da take son bincike a kai shi ne yadda ake magana a cikin gida. Mahaifin ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wato duk kuɗin makarantar nan da na biya, gulma za ki je ki karanto?" Yarinya ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Bayan isha'i sai ga wayar yayata: "Ka dawo gobe ka yi wa babanta bayani. Kai zai saurare ka."

Ba shi kaɗai ke kallon abin haka ba. Duk ranar da labarin wani saki ko rikicin ma'aurata ya karaɗe Facebook da TikTok, kafin rana ta faɗi masu ba da shawarar aure sun cika waya, kowa da maganinsa. Wannan ta ce girki ne, wancan ya ce rashin biyayya ne, wata kuma tana gama nasiha sai tallar kayan mata ta biyo baya. Saboda haka idan aka ce wa mutum akwai malamin jami'a da aikinsa ke nan, irin waɗannan ne za su zo masa a rai. Wannan ruɗani yana jawo mana asara, shi ya sa na ga ya dace a warware zancen.

Mene ne nazarin sadarwar iyali?

A kunnen yawancinmu kalmar sadarwa tana nufin rediyo, jarida ko layin waya. A wannan fanni ma'anarta ta fi haka faɗi. Ana nufin duk hanyar da saƙo ke bi tsakanin mutanen da zama ya haɗa: wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, ta bakin wa, da wace murya, me aka ɓoye, me ya biyo baya. Ɗaure fuska yana ciki. Dire kwano da ƙarfi yana ciki. Kwana uku ana gaba ma yana ciki. Fannin reshe ne na ilimin sadarwa, yana kuma maƙwabtaka da ilimin halayyar ɗan'adam, ilimin zamantakewa da ilimin harshe.

Bambancinsa da wa'azi ko sulhu a bayyane yake. Malamin addini yana faɗin abin da ya kamata a yi. Mai sulhu yana ƙoƙarin ɗinke gida ɗaya da ke gabansa. Shi kuwa mai bincike tambayarsa ita ce: me ke faruwa a zahiri a gidaje ɗari biyu, kuma me ya bambanta waɗanda suka ɗore da waɗanda suka watse? Yana raba takardar tambayoyi, yana doguwar hira, yana naɗar murya da izini, wani lokaci ya bi ma'aurata shekara da shekaru. Sannan dole ya rubuta yadda ya tattara bayanansa dalla-dalla, domin wani ya bi sawunsa ya kama shi idan ya yi kuskure. A wurina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raba shi da mai bidiyon waya, wanda ba wanda zai iya bincikar hujjarsa.

Me aka gano zuwa yanzu?

Yawancin tubalin fannin a Amurka aka aza shi. A 1967 wasu masana uku a garin Palo Alto na jihar Kaliforniya, Paul Watzlawick da Janet Beavin da Don Jackson, sun fitar da ƙa'idojin da har yau ake koyarwa. Ta farko ta ce ba yadda za a yi mutum ya zauna da wani ba tare da ya isar da saƙo ba. Bahaushe ya riga su, ya ce shiru ma magana ce. Ta biyun ta fi amfani. Kowace magana tana ɗauke da kaya biyu: abin da aka faɗa, da kuma matsayin da mai maganar ya ɗora abokin maganarsa a kai. Idan uwargida ta ce "Yau ma ba a yi cefane ba", kalmomin kan tumatir da mai suke, amma abin da maigida ya ji shi ne "ka kasa". Idan ya amsa da "Nawa na ba ki shekaranjiya?", ita kuma "ban yarda da ke ba" ta ji. Sai a kwana ana jayayya kan naira dubu biyu, alhali mutunci ake karewa.

Wanda ya fi suna a wannan fage shi ne John Gottman na Jami'ar Washington. Shi da abokin aikinsa Robert Levenson sukan zaunar da ma'aurata su tattauna abin da suka saɓa a kai na minti 15, ana ɗaukar su a bidiyo, na'ura tana auna bugun zuciya da gumin tafin hannu. Bayan shekaru sai a koma a ga wa ya rabu, wa yake tare. Ya ware halaye huɗu masu cin aure: kushe mutum ɗungurungum maimakon faɗin laifin da ya yi, raini, kare kai ko ta halin ƙaƙa, da toshe kunne a ƙi tankawa. Raini ne ya fi su muni. Ya kuma lura cewa a auren da ya ɗore, ko ana cikin saɓani, kalamai da alamomi masu daɗi sukan ninka masu ɗaci kusan sau biyar.

An yi ta yayata cewa Gottman yana iya hango saki da dacewar da ta haura kashi 90 cikin ɗari. A 2001 Richard Heyman da Amy Slep suka nuna cewa irin wannan lissafi, idan aka gwada shi a kan sababbin mutanen da ba da su aka gina shi ba, dacewarsa tana faɗuwa sosai. Na kawo wannan ne da gangan. Haka ilimi yake tafiya, babba ya faɗa, wani ya duba, a rage abin da ya yi yawa.

Akwai wani bincike da nake ganin kowane mai sulhu ya kamata ya sani. A 1990 Andrew Christensen da Christopher Heavey suka nazarci abin da mu ke kira mita: ɗaya yana ta ƙorafi, ɗaya yana ta janyewa, kuma kowa yana ganin halin ɗan'uwansa ne ya jawo nasa. An saba cewa mata ne masu mita, maza ne masu shiru. Da aka sa ma'aurata tattauna abin da matar ke son a canza, haka aka gani. Da aka koma kan abin da mijin ke son a canza, bambancin ya dushe, a wasu binciken da suka biyo baya ma ya juye. Ma'anar ita ce wanda yanayin zama ya dame shi shi ke matsawa, wanda yanayin ya yi masa daidai shi ke kauce wa zancen. Saboda haka idan mace ta cika mita, tambayar da ta dace ita ce me take roƙo da har yanzu ba a ji ba.

Inda ma'aunin Amurka ya kasa auna gidan Bahaushe

A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankalin duniya kan wani giɓi: a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam, kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Nazarin iyali ma bai tsira daga wannan ba. Gidan da aka gina yawancin ra'ayoyin a kansa shi ne miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu, ana cin abinci a tebur ɗaya ana kallon juna ido cikin ido.

Ga misali. Akwai sanannen ma'auni da David Ritchie da Mary Anne Fitzpatrick suka gyara a 1990, mai tambayoyi 26. Yana auna abu biyu: yawan tattaunawa a gida, da yawan matsa wa kowa ya bi ra'ayin manya. Ana tambayar yaro ko iyayensa sukan nemi ra'ayinsa, ko yana iya gaya musu kusan komai. Ka kai wannan takarda gidan yayata. 'Yar ba ta amsa wa mahaifinta ba, ko ɗaga ido ba ta yi ba. Takardar za ta rubuta cewa gida ne na umarni, babu tattaunawa. Amma me ya faru a zahiri? Yarinya ta kai wa uwa, uwa ta kira kawu, kawu ya je ya zauna da uba. Washegari da na je, na ce masa, "Alhaji, abin da ya faru jiya, daga shirun da ta yi maka har zuwa zaman nan da muke yi, shi ne abin da take son karantawa." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ka gaya wa uwarta ta ce mata ta kawo takardar kuɗin." An tattauna, an canza ra'ayin uba, an yanke hukunci, ba tare da uba da 'ya sun yi musayar kalma ko ɗaya kan batun ba. Ma'aunin da aka ƙera a jihar Wisconsin ta Amurka bai san da wannan hanya ba.

Gidanmu cike yake da irin waɗannan hanyoyi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, a wasu gidajen ma ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane, kuma ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Suruki yana tsugunawa ya gaida surukinsa ya tashi, ba su cin abinci kwano ɗaya. A gefe guda kuma an buɗe wasu ƙofofi da gangan: jika yana iya gaya wa kaka abin da ba zai iya gaya wa uba ba, cikin wasa, kuma kaka ta san inda za ta kai shi. Taubasai suna faɗa wa juna gaskiya mai ɗaci a cikin raha. Goggo tana da bakin da uwa ba ta da shi. Habaici da gugar zana hanya ce ta isar da koke ba tare da an yi fito-na-fito ba, har a sunan da aka sa wa zane ko waƙar da ake yi a bakin turmi. Yaji ma saƙo ne mai ƙa'ida: tafiyar tana cewa abin ya kai inda ya kai, biko kuma amsa ce, wanda aka aika bikon yana nuna darajar da aka ba matar.

Sai gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku masu aure a Nijeriya tana da abokiyar zama, a Arewa kuwa adadin ya fi haka. Yadda ake sanar da uwargida ƙarin aure, wa ke faɗa, yaushe, da wace kalma, yadda rabon kwana ke zama harshe, yadda 'yan uba ke koyon abin da za su faɗa a ɗakin nan su ɓoye a wancan, duk wannan ba shi da gurbi a ɗakin gwajin Gottman mai kujera biyu.

Ba ina cewa hanyoyinmu duk alheri ba ne. Kunyar da ke kare mutuncin uba ita ce kuma ke hana yarinya faɗin cewa wani a gidan yana taɓa ta. Saƙon da ya bi ta baki uku yakan isa a karkace, ko ya tsaya a hanya idan ɗan aiken yana da tasa manufar. Yaushe kunya ke gyara, yaushe take kisa? Tambaya ce da bincike kaɗai zai amsa, kuma sai wanda ya san bambancin kunya da tsoro daga ganin fuska zai iya yin sa.

An ɗan taɓa fara aikin. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. A ciki akwai aure-aurenta, zaman kishiyoyi, ƙawance da riƙon 'ya'ya. A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna yadda yara a birnin Kano suke zama ƙafa da bakin matan kulle, suna kai saƙo da kaya da labari daga gida zuwa gida. Aikin kirki ne, amma baƙi ne suka yi shi, da Turanci aka buga, kuma kafin zuwan wayar salula ne. Yau saƙon murya na WhatsApp ya karɓe rabin aikin ɗan aike.

Me ya sa Jos?

Idan ana neman garin da ya dace da wannan bincike, to ga shi muna ciki. A Filato ba abin mamaki ba ne ka ga gida ɗaya da Musulmi da Kirista, wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci. Akwai gidajen da miji Birom ne mata Angas, Hausa ce harshen soyayyarsu da faɗansu. Rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun raba unguwanni bisa addini, sun raba wasu dangi da juna. Yaran da aka haifa bayan 2001 yanzu sun isa aure. Me aka gaya musu a gida game da waɗancan ranaku, wa ya gaya musu, me aka zaɓi a binne? Zaman lafiyar garin nan yana rataye da amsar fiye da yadda yake rataye da tarukan otal.

Ga kuma magidantan da ke aiki a Abuja, suna bin hanyar Akwanga ran Juma'a su koma ran Lahadi. Kwana biyar aurensu a waya yake, tarbiyyar 'ya'ya a waya, faɗa a waya, lallashi a waya.

Hanyar da mai son wannan aiki zai bi

A jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Jos da ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta tsaya da ƙafarta a 1975, karatun sadarwa ya taso ne a kan horar da 'yan jarida. A farkon 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba fannin zuwa digiri bakwai: aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shirye, fim, sadarwar raya ƙasa, da nazarin bayanai. Babu sadarwar iyali a jerin. Amma sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da darussan da suka dace da yankinta. Wannan ita ce ƙofar, idan an samu malaman da za su tura ta.

A yanzu mai sha'awa yakan shiga ne ta ɗaya daga cikin sassan da ke akwai: aikin jarida, ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan'adam, jin daɗin jama'a, ko sashen Hausa da harsuna. Abin da ya fi sunan sashe muhimmanci shi ne samun malamin da zai yarda ya duba kundin. Bayan digiri na biyu sai na uku, wanda ba tare da shi ba tsani ba ya hawuwa. Daga mataimakin malami ake farawa, a bi matakai zuwa babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa, yawanci da tazarar shekara uku aƙalla tsakanin mataki da mataki, kowane mataki kuma da adadin maƙalun da ake so mutum ya buga. Farfesa yana ritaya a shekara 70. Asusun TETFund yana ba da tallafin karatu da na bincike ga malaman manyan makarantun gwamnati, amma gasa ce mai zafi.

Wahalhalun gaskiya ne. Albashi bai kai nauyin aikin ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ga wanda ke bin ma'aurata daga ɗaurin aure zuwa shekara ta biyar, irin wannan tsaiko yana yanke zaren da ba ya ƙulluwa. Akwai kuma wata damuwa da ta fi ci mini rai. Manyan mujallun fannin, kamar wadda aka keɓe wa sadarwar iyali tun 2001, da Turanci suke fita, kuma su ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Mai bincike zai zauna da matan unguwar Gangare ta nan Jos su buɗe masa ciki da Hausa, ya juya habaicinsu zuwa Turancin da ya kashe shi, ya buga a inda ba za su taɓa gani ba. Ina ganin haƙƙi ne a kansa ya dawo da abin da ya gano cikin harshen da ya karɓo shi, ko a rediyo ko a makarantun Islamiyya na matan aure, kuma ya kamata jami'o'i su riƙa ƙirga wannan a matsayin aiki.

Sai amana. Kafin a fara, kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a zai duba tsarin, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma tana kan mai bincike. Amma takarda ba ta san gidan "ba shiga" ba. Namiji ba zai wuce zaure ba, don haka rabin aikin mata ne kaɗai za su iya yi. Izinin maigida yana buɗe ƙofa, amma ba ya maye gurbin yardar matar kanta. Muryar da aka naɗa kuwa, idan ta kuɓuce, tana iya kashe aure a rana ɗaya. Duk wanda ba zai iya riƙe sirri har kabari ba, kada ya shigo.

Masu suka, da abin da ke cikin sukarsu

Wasu suna cewa addini ya riga ya gama magana kan aure, me ya rage? Addini ya shimfiɗa hukunci da manufa. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce idan aka ji tsoron saɓani a tura mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Amma wa ya fi dacewa a tura, kawu ko baffa? A fara jin kowa shi kaɗai ko a haɗa su? Wace kalmar buɗe taro ce ke sanyaya zuciya, wacce ke ƙara wuta? Waɗannan sanin makamar aiki ne, ana samun sa ta lura. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Ummu Zar'in, inda mata goma sha ɗaya suka zauna kowace ta siffanta mijinta, Nana A'isha ta ba Annabi (SAW) labarin, ya saurara har ƙarshe. Iyakar da shari'a ta sa kan tona sirrin shimfiɗa tana nan, mai bincike ma tana kansa. Coci-cocin Jos, inda hedikwatar ECWA da COCIN suke, su ma suna da darussan kafin aure da za su ƙaru da sanin me ke aiki.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa matsalar gidajenmu aljihu ce, a daina ɗora ta kan baki. Suna da hujja, kuma daga cikin fannin ta fito. Rand Conger da abokan aikinsa sun bi iyalai 451 a jihar Iowa ta Amurka daga 1989, bayan durƙushewar noma a yankin. Sun ga yadda abin ke tafiya daki-daki: matsin kuɗi yana jawo ƙunci a zuciyar iyaye, ƙunci yana jawo kaushin harshe tsakanin ma'aurata, kaushin ya gangaro kan yara. Duk wanda ya zauna a gidan haya a Rikkos ko Dilimi tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ga wannan da idonsa. Koya wa mutum taushin magana ba ya cika buhun masara. Abin da binciken ya ƙara shi ne cewa talauci yana bi ne ta wata hanya kafin ya rusa gida, kuma ma'auratan da ke tallafar juna da baki a lokacin matsi sun fi jurewa.

Suka ta uku ina tare da ita ɗari bisa ɗari. Masu kare haƙƙin mata suna tsoron kada a ce wa wadda ake duka ta je ta gyara lafazinta. A 1995 Michael Johnson ya bambanta rikicin da ke ɓarkewa daga saɓanin da ya fi ƙarfin mutum biyu, da kuma zaluncin da ɗaya ke yi da gangan don ya mallake ɗaya da tsoro: hana ta fita, hana ta kuɗi, raba ta da danginta, barazana. Na biyun ba matsalar sadarwa ba ce, kuma zaunar da su a ce "ku fahimci juna" yana iya jefa matar cikin haɗari. Mai sulhun da bai san wannan bambanci ba yakan mayar da mace gidan da za a fito da gawarta, da kalmar "ki yi haƙuri".

Me talaka zai samu?

Masu amfana na farko su ne waɗanda kullum suke raba gardamar gida ba tare da wani horo ba: alƙalan kotunan yanki, masu unguwa, limamai, fastoci, da dattijan dangi. Sai asibiti. Ƙiyasin da aka fi ambato ya ce jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a Nijeriya. Gwajin jini kafin aure minti kaɗan ne, amma gaya wa saurayi da budurwa da iyayensu sakamakon bayan an kai kuɗin gaisuwa, nan ne ake faɗuwa, har wasu su ɓoye takardar. Wata masaniyar sadarwa a Amurka, Sandra Petronio, ta shafe shekaru tana nazarin yadda mutane ke ɗaukar sirri tamkar dukiya, da yadda rikici ke tashi idan wanda aka ba ajiya ya ɗauka nasa ne. Wannan ilimi ma'aikaciyar jinya tana buƙatarsa, haka ma matashiyar da ke tura hoton hirarta da mijinta ga shafukan "a ɓoye sunana".

Gwamnatoci ma suna kashe kuɗi kan aure. Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, a Oktoba 2023 kuma aka ɗaura auren ma'aurata 1,800. Bin irin waɗannan gidaje na shekara biyar, a ga waɗanda suka ɗore da dalilin ɗorewarsu, zai nuna ko gado da katifa ne suka fi tasiri, ko jari, ko samun dattijon da za a kai wa kuka.

Ita kuwa 'yar yayata tana shekararta ta biyu. Ta yi hira da mata goma sha huɗu a Gangare da Dilimi, yanzu tana zaune da abin sauraro a kunne tana mayar da muryoyinsu rubutu. Makon jiya ta kira ni. Ta ce a duk matan ba wadda ta kira sunan mijinta: wata "maigidan", wata "Malam", wata "baban su Ummi". Akwai wadda ta yi minti arba'in tana cewa "maigidana", da aka zo kan ranar da ta ji labarin amarya a bakin maƙwabciya sai ta koma "mutumin nan", ba ta sake komawa na farkon ba har aka kashe rikoda. "Kawu, idan na juya shi Turanci duk kalma ɗaya za su zama. Ya zan yi?" Malamar da ke duba kundinta ta ce ta bar kalmomin da Hausarsu, ta buɗe musu layi na musamman a jadawalinta, ta riƙa rubuta minti da daƙiƙar da kowace mace ta canza sunan da take kiran mijinta da shi.